Tafiyar Mirka Mai Gyaran Gashi Zuwa Skopje

A garin Zgorzelec na ƙasar Poland da wuya ka sami dattijuwar da Mirka ba ta taɓa yanke wa gashi ba. Shagonta ɗan ɗaki ne a ƙasan bene, kujera biyu da madubi. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta ɗaya ce, Dorota. Kowa ya san Mirka ba ta tafiya. Ko gadar nan da maƙwabta ke tsallakawa zuwa Jamus sayayya, in an ce ta zo sai ta ce gwiwa ta hana.

Abin yana da asali. Tana yarinya garin cike yake da mutanen da yaƙin Girka ya koro, cikinsu har da Makedoniyawa. A makaranta aka haɗa ta benci ɗaya da wata 'yarsu, Trajanka, suka shaƙu har ba a kiran sunan ɗaya sai an haɗa da na ɗayar. Suna 'yammata iyayen Trajanka suka kwashe suka koma Skopje, babban birnin Makedoniyawa. Da auren Trajanka ya taso, ta aiko wa Mirka ta zo.

A wancan zamanin fasfo ba ya kwana a gidan mutum, sai ka je ofis ka roƙa. Mirka ta ɗinka riga, ta bi layi. Wani jami'i ya zaunar da ita ya yi ta tambaya: wa ta sani can, me ya haɗa su, wa ya tabbatar za ta dawo. Daga baya aka ce ba a ba ta ba, ba a kuma faɗi dalili ba. Ta fito tana jin kunya kamar wadda aka kama da kayan sata. Tun ranar ta ɗauke kanta daga zancen tafiya, zumuncin ya koma gaisuwa ta waya lokacin Kirsimeti.

Suna cikin shekarunsu na saba'in sai Trajanka ta kira ba lokacin da ta saba ba.

"Mirka, idona ya fara dishewa. In kina so in ga yadda kika tsufa, to ki hanzarta."

Mirka ta ajiye waya. Da Dorota ta ji labari sai ta ce, "Mama, ai ba a neman biza. Ko fasfo ba sai kin yi ba, katin shaidarki na ɗan ƙasa ya isa."

"Ke dai komai kika gani a waya sai ki hau kai. Ƙasar mutane ce fa, ba gidan kakarki ba."

"To mu je tare. In sun koro mu, ki yi ta min gori har ki gaji."

A cikin jirgi Mirka ba ta ko leƙa taga ba, tana ta shirya amsoshi a zuci. Da suka sauka, layi ya kai ta gaban wata jami'a, yarinya ce ƙarama. Ta karɓi katin, ta dubi hoto, ta dubi fuska, ta miƙo mata da murmushi.

Mirka ta tsaya ƙyam. "Dorota, ba za ta tambaye ni komai ba?"

"An gama, Mama. Kin tare hanya."

Duk da haka ta sunkuya ta ce wa jami'ar da yaren Poland, "Wurin ƙawata zan je. Kuma zan koma gida." Jami'ar ba ta ji ko kalma ba, amma ta gyaɗa kai. Mirka ta yi 'yan taku ta sami benci ta zauna, hawaye na zuba. Dorota ta zauna gefenta ta riƙe mata jaka.

A waje Trajanka na jira, ta ƙanƙance, tana dogara sanda. Ta kama fuskar Mirka da hannu biyu ta matso da ita dab da idonta.

"Kai, kin tsufa ƙwarai!"

"Ke kuma an ce miki budurwa ce?"

"Kin makara biki. Angon ma ya riga mu gidan gaskiya."

Yaren Poland ɗin Trajanka ya yi tsatsa, na 'yan makaranta ne ya rage mata, har da zagin yara da Mirka ta manta da shi. Dariya ta hana su tafiya sai da Dorota ta tura su cikin mota.

Kaka ce, lokacin gasa tattasai, unguwar duk ta ɗauki ƙamshi. Dorota ta koma bakin aikinta, Mirka ta ce ita ba yanzu ba. Kullum da hantsi su biyun suna baranda da kwano a tsakani, Trajanka na ɓare tattasai da lalube, Mirka na tsince ɓawon da ta bari ba tare da ta faɗa mata ba.

Yanzu duk kaka shagon a rufe yake, Mirka na Skopje, matan unguwa kuma sun koyi zuwa da wuri.