Halliru Barnaba, Mai Lambar Illela

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Halliru, wanda daga baya aka sani da Barnaba Mai Lamba, a shekarar 1892 a garin Araba ta ƙasar Illela. Mahaifinsa Mukhtari falke ne mai fataucin gishiri da kanwa, sunan mahaifiyarsa Shafa'atu, kuma yana da wa ɗaya, Attahiru. Yana ɗan shekara takwas 'yan samame suka sace shi a bakin gona, ya yi ta sauya hannu daga ubangida zuwa ubangida har shekarar 1904, lokacin da sojojin Nasara suka tare ayarin da yake ciki, suka kai shi gidan renon 'yantattun bayi can kudu.

Karatu da baftisma

A wannan gida ya koyi karatun boko da aikin jinya, a nan kuma ya ji wa'azin Almasihu. Malamansa sun shaide shi da kaifin fahimta da kuma saurin fushi, domin bai taɓa karɓar magana ba sai ya yi mata gardama. Aka yi masa baftisma a shekarar 1910 da sunan Barnaba. A shekarar 1913 ya auri Hannatu, wadda ita ma a gidan ta tashi, mace mai ƙarancin magana da yawan haƙuri, abin da zama da shi yake bukata.

Komawa gida da aikin lamba

A shekarar 1916 gwamnati ta ɗauke shi aikin lambar agana, ta tura shi Illela saboda yana jin harshen mutanen. Ya tarar iyayensa sun rasu, Attahiru kuma ya zama malami mai makarantar allo. Wan nasa ya rungume shi da hawaye, amma da ya ji addinin da ya dawo da shi, sai ya ware masa akushi.

Aikin kansa bai zo da sauƙi ba. Duk ranar da aka hango shi da akwatinsa, rabin kasuwa sai ta tsallaka iyaka ta nufi Konni, mutanen da aka haifa a gabansa su rantse su talakawan Faransa ne. Waɗanda dogarai suka kamo, da an tsaga musu dantse sai su koma bayan rumfa su goge wurin da lemun tsami. Ruwan lambar kuma daga bakin teku ake aiko shi, kafin ya iso zafi ya riga ya kashe shi, a yi wa mutum tsaga ta warke ba ta kama ba, laifin kuma ya koma kan Barnaba. Jami'in Nasara ya gargaɗe shi cewa muddin aka ji ya yi wa'azi a ƙasar Musulmi, a bakin aikinsa. Su kuma masu mishan kowace shekara suna aiko masa alkawarin mai bishara, ba a taɓa ganin ƙeyarsa ba. Don haka jama'ar sujadarsa ta ranar Lahadi ba ta wuce shi da matarsa da 'ya'yansa ba, sai wani kafinta Bayarabe da ke zuwa idan ya tuna.

Maƙwabta sun ruwaito cewa addu'arsa ta safe ta fi kama da ƙara a gaban alƙali. Yakan zayyana wa Ubangiji halin mutanen gari da na Nasara da na masu mishan, ya ce shi ƙarfinsa ya ƙare, in ana son aikin ya ci gaba sai a ba shi wani ƙarfin daga sama, sa'an nan ya saɓa akwatinsa ya fita.

Annobar shekarar 1924

Da bazarar 1924 agana ta shigo da ayarin fatake, ta mamaye Illela da Gidan Katta. Cikin waɗanda ta fara ɗauka har da 'yarsa Raliya mai shekara biyar, wadda shi da hannunsa ya yi wa lamba da mataccen ruwa. Gari ya ɗauka cewa mai lamba bai tsare ko gidansa ba. Bayan ya binne ta, Barnaba ya ɗaura wa jaki kaya da niyyar komawa kudu, ya tsaya a tsakar gida ya ɗaga kai ya ce, "Ubangiji, mi ka aje ni nan in yi? Na gaji da su, na gaji da kaina." Hannatu ba ta hana shi ba, ta dai shaida masa cewa ita ba ta ga ranar da Allah ya saɓa musu alkawari ba, kuma 'ya'yan Attahiru ko ɗaya ba shi da lamba.

Ya sauke kayan yana faɗa, ya ɗora tulu biyu a madadinsu, ya nufi Sakkwato, inda ya zauna a ƙofar likita har aka gaji da shi aka ba shi sabon ruwan lamba a kwalabe. Ya binne kwalaben cikin jiƙaƙƙen rairayi a tulunan, yana yayyafa musu ruwan da ya kamata ya sha, har ya iso gida leɓɓansa a tsattsage. Ranar kasuwa ya buɗe akwati, ba wanda ya matso. Can sai Malam Attahiru ya keto taron da 'ya'yansa a baya, ya naɗe hannun riga ya ce, "Addininka dai ban amsa ba, Halliru, amma ga hannu." Lambar ta kama. Kafin damina ta tsaya an yi wa mafi yawan gari, ko da yake Barnaba bai daina ƙorafin cewa sai da aka cika makabarta suka ji magana ba.

Ƙarshen rayuwa

Ya ajiye aiki a shekarar 1933 saboda raunin ido. Mai bisharar da aka yi masa alkawari ya iso a shekarar 1937, Barnaba ya tarbe shi da faɗa, sa'an nan ya ba shi ɗakinsa. Ga duk wanda ya yaba masa juriya, amsarsa ɗaya ce, cewa shi ba shi da juriya ko kaɗan, kullum sai ya yi niyyar tafiya, Mai riƙe shi ne bai taɓa saki ba.

Ya rasu ranar wata Talata a watan Maris na shekarar 1939, bayan gajeriyar jinya. Da yake Kirista ba su da makabarta a garin, aka yi ta shawara har rana ta take, daga bisani Malam Attahiru, da tsufansa, ya ɗauki fartanya ya auna wuri a gonarsu ta gado a Araba, ya koma gefe ya tsaya har aka gama addu'a. Marigayin ya bar matarsa Hannatu da 'ya'ya huɗu: Yohanna, malamin jinya; Lai'atu; Dauda, wanda ya gaji aikin lamba; da autarsu Jamilatu.