Rodin Kawu

Da na dawo daga karatu, ban yarda ciyawa na iya cin kanta ba. Kawuna ne ya faɗa, ni kuwa na ɗauke ta maganar tsofaffi.

Shekara talatin yana kiwo, shanunsa ba su taɓa wuce goma sha biyu ba. Ransu na cikin rumfar kwanon da ke bayan gida: abin da ya shiga cikinta a ƙarshen damina, shi zai kai su ƙarshen rani. Yakan shimfiɗa katako a ƙasa, ya jera dammunan ciyawa, ya bar tazarar tafin hannu tsakanin layi da layi. Kullum da safe sai ya soka dogon rodi a tsakiyar tarin, ya jira, ya zaro, ya ɗora a kumatunsa ya ji ko da ɗumi.

"Ga likitan ciyawa," matarsa kan ce. "Ni ko zazzaɓi zai kashe ni bai taɓa dafa goshina ba."

"Ke ai kina da baki."

Bara, ana saura kwana biyu a kwaso ciyawa, wani sa ya take masa ƙafa, aka kwantar da shi asibiti. Aikin ya faɗo kaina. Hadari ya haɗo, ga dami arba'in a waje. Na dubi tazarar nan, na ga ɓarnar wuri ce. Na matse su, duka suka shige, har na lulluɓe da tamfol.

Bayan sati uku ya dawo yana dogara sanda. Bai shiga ɗaki ba, rumfa ya nufa. Ya soka rodin, ya zaro, bai ma kai shi kumatu ba. Muka buɗe. Ciki ya yi baƙi, yana tururi, fumfuna na tashi kamar toka. Kwana huɗu yana tsince mai kyau da hannunsa. Ko rabi bai tsira ba, ciwon tarin da ya kwasa a nan kuma har yau bai sake shi ba.

Kafin ruwa ya sauka, mahauci ya zo sau tara, kowane zuwa da saniya ɗaya yake tafiya.

Bana ma ni ya sa in jera. Yana zaune a kan bokiti, yana numfashi da ƙyar.

"Kawu, me ya hana ka yi mini faɗa?" na tambaye shi.

"Faɗan me? Shekarata ta biyu a kiwo ni ma na matse. Tawa wuta ta kama, har da rumfar." Ya yi tari, ya nuna da sanda. "Matsar da wancan, ya taɓa ɗan'uwansa."