Man Buwat da Rigar Bushiya

Duk Madarunfa babu wanda bai san kat-san-kat ɗina ba. Motar nan ta girme ni, ta girmi kwaltar da take takawa, ina ma zaton ta san tabkin garinmu tun yana kududdufi. In na tayar da ita da safe, kajin ƙauyen Safo ma sai sun nemi maɓoya. Ran nan na shige ƙarƙashinta a tsakar gida zan canza mata man buwat, akwatin nan mai canza bitesi, wato giya. Ina kwance bushon ƙasa, notin nan da ke toshe mafitar mai, baƙin mai ya tsiyayo, wari ya doke ni kamar ruɓaɓɓen ƙwai ya auri daddawa. Sai na tsinci kaina kwance, kilen kwance noti a hannu, ina tuna kakata.

Tagabi muke ce mata, don ƴar Gabi ce, daga gidan arna manoma. Ta musulunta ta auri kakanmu, wanda a lokacin karen mota ne, ko taya ɗaya bai mallaka ba. Ranar da za ta bar gida, wanta Jatau ya yi mata dariya, ya ce da ƙafa za ta dawo, ƙwarya bisa kai. Ita kuwa ta rantse ba za ta sake taka gidansa ba sai cikin motar gidanta. Kakanmu ya rasu bai sayi mota ba. Rantsuwa ta zauna daram, su biyu suka tsufa kowa a garinsa.

Ina lakwal, wato makarantar boko, Babanmu ya sayo kat-san-kat ɗin nan hannun wani alhaji a Ɗan Issa. Ba a jima ba sai ga ɗan aike daga Gabi: Jatau yana kwance, jiki ya yi nauyi, kuma sunan ƙanwarsa yake ta kira. Tagabi ta fito da zanenta na ƙasan adaka, ta ƙulla goro da kanwa, ta zauna jira.

Baba ya ce buwat tana kuka, hanyar Gabi kuma rairayi ce, bari ya canza mai tukuna, aikin shan shayi ɗaya ne. Ya taɓa ganin ana yi a wani garaji a Maradi, kuma a wurin Baba gani ɗaya ya isa mutum ya zama makanike. Ya zagaya gari da ita mai ya yi ɗumi, ya ɗora ta kan duwatsu, ya kwance bushon ƙasa, mai ya zube tas cikin tsohuwar tasa. Sai ya koma kan bushon gefe, inda ake ɗura sabo. Bushon ya ce bai san zancen ba. Tsatsa ta riƙe shi tun zamanin da ake sayar da gishiri da wuri. Baba ya ja, ya murɗa, ya sa bututu a kile ya taka da ƙafa, har kan bushon ya sule ya koma kamar ƙwallon goruba. Mota babu mai a ciki, babu kuma ƙofar zuba shi.

To, ga inda abin yake. Baba ɗan farin Tagabi ne. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Wancan" take ce masa. Shi ma in ya zo gaishe ta, ƙasa yake kallo kamar ya yar da allura. Uwa da ɗa gida ɗaya, amma in za ta ce masa tuwo ya huce, sai ta faɗa wa akuya ya ji.

Bayan magariba ta hura wutarta ta karan gero kamar kullum in za ta yi mana tatsuniya, muka kewaye ta da gyaɗarmu a toka. Daga ƙarƙashin mota kuwa guduma ke tashi, ƙwang, ƙwang, da hasken fitilar Baba.

"Kai maigidana mai kan tulu, matso nan," ta ce mini. "Ta hito daga rami, wa zai kama mini ita?"

"Mun riƙe wutsiyarta, tsohuwar matata!" na ce. "Amma in ta jiya ce, na sake ki."

"Sake ni mana. Wa za ta kwashe ka, da ƙahwahu kamar muciya?"

Sai ta fara. Wai Bushiya aka aiko wa uwarta tana nemanta a hayin tabki. Bushiya ta duba rigarta ta ƙaya, ta ga duk laka, ta ce ba za ta shiga dangi haka ba. Ta zame ta fita ta ƙasan rigar, ta wanke ta ƙal, ta shanya. Abin da ba ta tambaya ba shi ne ta ina ake komawa. Ashe ta wuya ake shiga, wuyan kuwa rana ta tsuke shi. Ta tura hanci, ya ƙi. Ta tura gindi, ya ƙi. Tagabi tana kwatanta turawar da kafaɗa, mu muna birgima cikin toka don dariya.

Ta ce Bushiya ta zauna tsirara cikin ciyawa, ja-wur kamar ɗan ɓera. Kurciya ta wuce, ta gani, ta yi shiru don kunya. Kwaɗo ya wuce, ya kau da kai. Nan Tagabi ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba, har gudumar Baba ta tsaya.

"Da ɗaya cikinsu ya buɗa baki ya ce, ke Bushiya, tahi hakanan, uwa ba riga taka nema ba, da ta tahi. Amma babu wanda ya ce."

"Sai mi ya hwaru?" muka tambaya.

"Sai rana ta hwaɗi. Na maida ta raminta, ku tashi ku kwanta."

Mu duka mun ɗauka Baba aka yi wa. Wanda ya fita ta ƙasa bai san hanyar komawa ba, ai ga shi can kwance cikin baƙin mai. Kashegari har na bi bayansa ina tafiyar bushiya, na sha rankwashin da har yau in an yi hadari wurin yana yi mini ƙaiƙayi. Baba ma haka ya fahimta. Ya ji kunya, ya ƙara taurin kai. Maƙwabcinmu ya ce ga amalankensa da jaki, a kai tsohuwa, Baba ya ce uwarsa ba za ta shiga Gabi bisa buhunan dawa ba alhali yana da mota. Ya aika Maradi a zo da mai walda, aka ce ya tafi Katsina, sai ya dawo.

Kafin mai walda ya zo, ɗan aiken nan ya sake sallama. Bai ma shigo ba, ya tsuguna a zaure. Tagabi ta fito, ta dubi fuskarsa, ta koma ɗaki ta tuɓe zanen adaka. Amalanken maƙwabci ta hau ta tafi gaisuwar mutuwa, babu wanda ta yi wa shawara.

Bayan ta dawo mai walda ya zo ya liƙa ƙarfe a kan bushon, ya kwance kamar bai taɓa gardama ba. Baba ya sa tiyo da mazurari ya ɗura mai har ya fara tsiyayowa ta ramin gefe, ya wanke motar, ya kawo ta ƙofar ɗakinta yana ta ba ta wuta. Tagabi tana tsince wake. Ba ta dube shi ba. Ni ta duba.

"Maigida, ce ma wancan shi kashe ta. Wa zan nuna mawa?"

Sai da na yi furfura, Baba ya rasu motar ta dawo hannuna, na gane tatsuniyar nan ba gori ba ce. Roƙo ne. Ita ce Bushiyar. Rantsuwarta ta ɗaure ta, ba za ta iya kwance kanta ba, ɗan da zai kwance ta kuma ba ta iya yi masa magana. Sai ta bi ta kanmu, ta ɗaga murya don ya ji. Ya ji kuwa, amma rabin farko ya ɗauka, mu kuma muka taya shi da dariya.

Har ta koma ga Allah, Tagabi ba ta taɓa sa ƙafa cikin motar nan ba. Asibiti ma a amalanke muka kai ta.