Tsagu Uku a Bakin Agogon Ɗantani

Yanzu idan agogon yaro ya tsage, jefar da shi yake yi, ya wuce kasuwa ya ɗauko wani. Lokacin da nake yaro a Fassi, ta ƙasar Kibiya, ban san mutum uku masu agogo ba, kuma duk wanda ya ɗaura sai an bi shi da ido ana tambayar inda ya samo. Na zauna a Ikko da Kumasi da Khartum, na iya harsuna huɗu ban da nawa, amma ban ga inda aka zargi ƙaramin abu kamar yadda mutanenmu suka zargi agogo a farkon zuwan Turawa ba.

Kakata ta wajen uba sunanta Dije, muna ce mata Iya. In an kai amfanin gona rumbu, sanyi ya fara shigowa, a ƙofar ɗakinta muke taruwa bayan cin tuwo. Ta hura wutar kara, ta binne mana gyaɗa a toka, tana kaɗin auduga tana ba mu tatsuniya. Ni take tsokana da "maigida," wai na cika ci ban iya noma ba. Akwai labari ɗaya da take yi mana kowace shekara, kuma in za ta fara shi sai ta ajiye mazari.

"Wannan ba na namun daji ba ne," in ji ta. "Mutane ne a ciki. Ku buɗe ido da kowannensu."

Mijinta, kakana Malam Ilu, mutum ne da aka sani da riƙon amana. Mai tafiya fatauci ko aikin hajji gidanmu yake kawo ajiyarsa, kuma wannan sunan shi ne duk arzikin Malam. Yana da amini tun na ƙuruciya, Ɗantani, wanda ya bi Turawa yaƙin Kamaru ya dawo da agogo a hannu. Ya ce wani Bature ne ya ba shi.

"Ba shi aka yi, in ji shi," Iya kan ce, tana tura kara cikin wuta. "Ni dai ban ga Baturen ba."

Da Ɗantani ya tashi tafiya Makka a ƙasa, sai ya kawo wa Malam agogon. A al'adarmu ba a karɓar ajiya sai da alama da shaidu. Akuya a tsaga mata kunne, zane a ƙulla zare a gefensa. Agogo kuwa ba wanda ya san yadda za a yi da shi, don ba mai karanta rubutun da ke fuskarsa. Sai Ɗantani ya zaro wuƙa, ya yi tsagu uku a zoben da ya kewaye bakin agogon, wanda ke riƙe gilashi. Liman da mai unguwa kowa ya bi su da farce, ya ce ya shaida. Ɗantani ya ce a riƙa murɗa masa kai kullum kada ya mutu. Saboda haka Malam ya ɗaura shi, har gona.

A shekara ta huɗu gumi da ƙotar fartanya sun cinye zoben. Ya yi siriri, ya lanƙwashe, gilashin yana rawa. Ran kasuwar Kibiya Malam ya nuna wa Sallau, wani maƙerin azurfa da ke zuwa daga Rano. Sallau ya ce zoben ya gama aikinsa, a cire shi a zuba sabo.

"A cire a kai ina, Malam?" in ji Iya da ya dawo gida.

"Bai faɗa ba."

"Ai ba zai faɗa ba. Zinariya ya gani."

Ta tsaya kai da fata sai dai a gyara tsohon, kuma a zauren gidanmu. Sallau ya zo da 'yar gudumarsa da magagari. Iya ta zauna bayan danga, ido a wata ƙofa tsakanin karare. A nan takan canja murya, ta kwaikwayi Sallau da hanci, mu yi ta dariya.

"Uwargida, tagulla ce fa. Ko kyauta kuka ba ni, sai dai in yi wa jakina ƙararrawa."

"To me ya hana ka gyarawa?"

"In zan gyara sai na buga. In na buga kuma sai na goge."

"Buga. Goge. Muna kallonka."

Ya buga, ya miƙar da zoben, ya bi shi da magagari har ya yi sumul, ya mayar da gilashi daram. Iya ta sa Malam ya shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin hannun maƙerin, ya tattara garin ƙarfen da ya zuba, don kada ko ƙwaya ta bi Sallau zuwa Rano. Duk hankalinsu yana kan abin da za a iya sacewa. Ba wanda ya tuna ya bi zoben da farce.

Bayan shekara bakwai Ɗantani ya dawo, ya zama Alhaji. Aka taru a zaure mayar da ajiya. Liman ya karɓi agogon, ya zaga bakinsa da farce sau biyu, ya miƙa wa mai unguwa. Shi ma ya zaga, ya sunkuyar da kai. Malam ya yi bayani, ya aika aka ɗauko ƙullin tsumman, ya kwance. Garin ƙarfe ne kawai, ba tsaga a cikinsa. Sallau kuwa ya rasu tun bara waccan.

Alhaji Ɗantani ya juya agogon a tafin hannunsa, ya ce, "Ai har ya fi kyau da yadda na bar shi, Malam Ilu. Allah ya saka." Ya jefa shi aljihu, bai ɗaura ba.

Kafin kasuwa ta zagayo, magana ta kai Dawaki cewa Malam ya sayar da na ainihi a Kano ya sayo mai kama da shi.

"Sallau ya sani," haka Iya ke rufe labarin. "Da gangan ya yi, don na hana shi abin da ya zo nema." Mu kuwa mu kwanta muna tsine wa mutumin da ba mu taɓa gani ba.

Na kai shekara arba'in kafin na fara shakkar Iya. A Khartum ne, zoben agogona ya lalace, na kai wa wani tsoho mai gyara. Ya sa sabo, ya naɗe tsohon a takarda ya miƙo mini, ban ko tambaya ba. Na tsaya a bakin shagon riƙe da takardar. Da an bi shawarar Sallau, aka ce masa kawai ya bar musu tsohon, da tsagu ukun suna nan a ƙulle har ranar da mai su ya dawo. Tambaya ɗaya ce ba a yi masa ba, don an riga an yanke cewa ɓarawo ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne, a duk shekarun da Iya ta yi tana ba mu labarin, ba ta taɓa tsallake maganar nan ta Sallau ba, cewa in ya buga sai ya goge. Mai son ɓoye laifinsa da nan zai fara yankewa. Ina jin ta san wanda ya yi kuskuren, bakinta ne ya kasa kiran sunan, sai ta bar mana shi a cikin labarin ko wani zai tsinta.

Alhaji Ɗantani ya ci gaba da zama gida huɗu tsakaninmu da shi, suna gaisawa da Malam a masallaci har mutuwa ta raba su. Amma ba su sake sa hannu a ƙwarya ɗaya ba, kuma daga ranar nan ba wanda ya ƙara kawo ajiya gidanmu.