Gansakuka a Farin Durom

Shekarar da muka dawo Suleja daga Katsina, ɗaki biyu muka kama a wani gidan haya a Kwamba. Duk matan gidan a baƙin durom suke tara ruwa. Ni kuwa, da iyayina, na sayo fari sol na roba, na girke shi a tsakar gida inda rana ta fi bugawa, don kowa ya shaida tsabtata. A gidanmu an koya mana cewa abin da rana ta gasa ya tsarkaka.

Ba a yi wata ba gansakuka ta fito a ciki, koriya shar, zare-zare kamar gashin masara, ga santsi. In kankare ta da soson ƙarfe ranar Asabar, kafin wata Asabar ta dawo har da 'yan rakiya.

Wata rana Hajiya mai gidan, tsohuwa 'yar asalin garin, ta leƙo mu gaisa. Na kawo mata ruwa. Ta dubi kofin, ta dubi durom, ta ajiye ba ta ko kurɓa ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Yau ni ce ƙazama?

Maƙwabciyata, malamar kimiyya a wata sakandare, ta same ni ina dirza ina ƙwalla. Ta lakato zare ɗaya da yatsa, ta tsinka shi uku.

"Amarya, ai ke kike shuka ta," in ji ta.

Ta ce kowane guntun da soso ya bari girma yake ya zama sabon zare, kuma da hasken rana take haɗa abincinta. In ruwa ya fara ƙafewa, zare biyu kan jeru gefe da gefe, su haɗa 'yar gada, abin cikin ɗaya ya kwarara cikin ɗayan, ya dunƙule ya zama ƙwaya mai tauri da za ta jira ruwa ko wata nawa ne. Ashe duk tsawon lokacin nan noma nake yi ban sani ba.

Na wanke durom da tafasasshen ruwa, na ja shi ƙarƙashin rumfa, na naɗe shi da tsohon bargo. Ya yi muni, na daure.

Bayan sati uku Hajiya ta sake leƙowa. Na miƙa mata kofin ruwa. Ta shanye tas, ta miƙo mini.

"Ƙaro mini, 'yar nan."