Wanda Ya Kira Su Suka Hau Mota

Kafin rana ta fito Baban Garke yake shiga cikin shanu. Ba ya fitar da su sai ya zaga, ya shafa wuyan wannan, ya ɗaga ƙafar waccan ya duba kofato, ya cire kaska da farce. Sannan ya tsaya bakin shinge ya yi kiran nan nasa, rabi tari rabi waƙa, garken duka ya miƙe. Shanun ba nasa ba ne. Na marigayi mai gona ne, shanun nama, kuma tun gemunsa na baƙi yake kiwon su.

Bayan rasuwar mai gona ciwon ɓari ya shiga garken. Saniya ta kusa haihuwa, sai a tsinci ɗan maraƙi a ƙasa ba rai. Baba ne mai haƙa ramin. Likitan dabbobi ya gwada su, ya ce hanya biyu ce: ko a ware masu ciwon a yi ta lallaɓa sauran shekara da shekaru, ko a fitar da garken duka a kawo sababbi, irin waɗanda ake turkewa a rumfa. Na rumfa ba ruwansu da makiyayi, kowa a gidan ya san haka.

Ɗan marigayi na son sababbi, ƙanwarsa na kukan shanun ubanta. Uwarsu ta gaji, ta sa aka kira Baba tsakar gida.

"Baba, ka fi mu sanin su. Abin da ka ce shi za a yi."

Ɗan ya yi tsaki. "Haba Inna, wa ke tambayar wanzami ko a daina aski?"

"Kai ɗan nan," in ji Baba, "ni na fara ɗora ka bayan bijimi, ka jiƙe mini shi da fitsari. Bar ni in yi magana." Ya juya ga uwar. "Hajiya, a fitar da su. Kullum in na ware ɗaya, wata ta zubar. In na ce a lallaɓa, ba don shanu na faɗa ba, don cikina ne."

Ƙanwar ta ce, "Baba, kai fa?"

"Ni ba a kaina aka tambaye ni ba, 'yata."

Wani dillali ya ji labari, ya ja Baba gefe. "Tsoho, a kai su kasuwa shiru. Wa zai gani? Ciwon ba a goshi yake ba." Baba ya ce shi ba zai kai ɓari garken wani ba. Likita ya riga ya ce naman ba laifi, don haka mahauta kawai.

Ranar da babbar mota ta zo, shanun suka ƙi hawa. Masu lodi suka fara murɗe wutsiya suna zabga sanda. Waɗanda ke wurin sun ce Baba ya daka musu tsawa, ya hau cikin motar da kansa, ya yi kiran safiya. Kunne-Tsage, saniyar da ke jan gaba, ta ɗaga kai ta taka katako, sauran suka bi ta ba duka ba ihu.

Nan ne hankalina ya kasa kwanciya. Sun amince da muryarsa, da ita kuma ya kai su ga wuƙa. Cin amana ne ko cika ta? Na juya abin na sake juyawa, iyakar abin da na samu shi ne: tafiyar ba makawa, dukan ne kawai yake da ikon hanawa, ya kuwa hana.

Kai ne aka ba wuƙa da nama, Baba, ka ƙi yankar wa kanka rabo. Kai ne makiyayin da ya yi tausayin garken da bai taɓa gani ba. Mun gode, ko da godiya ba ta cika tukunya. Duk wanda aka nemi shawararsa kan abin da abincinsa ke ciki, ya tuna da kai kafin ya buɗe baki.

Yanzu yana gida, Hajiya na aika masa abin da ya sawwaƙa. Wani lokaci da safe ƙafa kan kai shi bakin rumfa, kiran ya kuɓuce masa. Sababbin shanun na ci gaba da tauna, ko kunne ba sa motsawa.