Ina Hankalinka?

Mu ’yan Jidda ba mu san hawa ba. A unguwar Ruwais aka haife ni, inda ƙasa take shimfiɗe har bakin teku, kuma abin da ya fi tsayi a rayuwata shi ne benen ƙanwar mijina a Aziziyya, wanda ko shi sai na tsaya hutawa a tsakiya. Don haka ranar da yayana ya ce in shirya za mu Faifa, can saman duwatsun kudu a bakin iyakar Yaman, sai da na tambaye shi ko wani laifi na yi masa.

Ba yawon buɗe ido za mu ba. Ɗansa ɗaya tilo, wanda ya karanci aikin jinya, ya samu aiki a wani ƙaramin asibiti a can bayan rasuwar mahaifiyarsa, kuma tun da ya tafi bai waiwayo gida ba. Ƙaramar Salla ta wuce, Babbar Salla ta wuce. Yaya kuwa ko za a yanka shi ba zai ce yana kewar wani ba. Cewa ya yi yaron ya raina mutane, zai je ya sauko da shi da kunne. Ni dai na ga yadda rigunansa suka fara yi masa yawa, na kuma san abin da ke cinsa. Tsoro yake ji kada ya zamana ɗan nan ya tafi ke nan.

Yini guda muka yi a hanyar bakin teku, yana tuƙi yana yi mini lacca a kan dutse. Ai shi ba baƙon dutse ba ne, lokacin da yake direba ya sha hawa Ɗa’ifa da fasinja. Ya kuma yi mini dariyar bargon da na ɗauko, wai a ƙasar nan wa ke jin sanyi in ba tsohuwa ba. Na ƙyale shi, don na san hanya tana da tsawo.

A gindin dutsen, bayan sojoji sun duba takardunmu, aka ce motarsa ba za ta iya ba, sai mu shiga ta mutanen wurin. Ransa ya ɓaci, amma ya shiga. Direban da hannu ɗaya yake tuƙi, ɗayan yana riƙe da waya, hanya kuwa ta miƙe tsaye tana murɗewa. Ta dama dutse, ta hagu babu komai sai Allah. Kunnuwana suka toshe. Gidaje a maƙale a jikin dutse, gonakin gahawa hawa-hawa kamar matakala, can sai na leƙa na ga gajimare a ƙasanmu. Na juya in nuna wa gwanin Ɗa’ifa, na tarar ya runtse ido, ya riƙe ƙofa da hannu biyu, yana ta salati. Kafin mu kai sama bargon nan yana kafaɗarsa, na bar wa idona maganar.

Yaron yana jiranmu inda mota ta tsaya. Da ƙyar na gane shi. Ya ɗaura zane a ƙugu irin na mazan wurin, ga rawanin furanni da ganyen ƙamshi a kansa, don a can maza ne ke wannan ado. Ya zo ya sumbaci kan mahaifinsa. Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya tambaye ni, ni ba shi ba, ko biki ake yi ba a gaya mana ba, kuma wace ce amaryar. Yaron ya yi murmushi ya amsa da Larabci. Haka suke, yaran da aka haifa bayanmu. Hausa suna jinta sarai, amma idan za ta fito sai ta maƙale musu a wuya.

Ya kai mu gidan da yake zaune, gidan wani dattijo manomin gahawa da ya ɗauke shi kamar ɗansa. Larabcin mutanen dutsen nan daban yake, mu da muka tashi cikin Larabci sai mu kama kalma ɗaya biyu su tsere. Dattijon ya fito har ƙofar gida da ’ya’yansa maza a bayansa, ni kuma ina gefe ina jiran a shigar da ni wurin mata. Ya ɗora wa Yaya rawanin furanni, sabo, mai ƙamshi, kuma babu yadda baƙo zai ƙi. Sannan ya kama hannunsa da hannu biyu, ya gyara murya kamar mai shirin kiran salla, ya ce da Hausa tar:

“Ina hankalinka?”

Yaya ya ƙame. Dattijon ya ɗauka bai ji ba ne saboda toshewar kunne, sai ya ƙara ɗaga murya ya maimaita, fuskarsa cike da fara’a. Ni kuwa na cusa mayafi a baki, kafaɗuna na rawa don dariya. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya yi wa yayana wannan tambaya ba, balle yana tsaye da furanni a ka da bargon mata a kafaɗa.

Dattijon ya yi bayani a hankali yadda za mu gane. Ya ce da ya ji baƙi za su zo, ya so ya karrama su da harshen kakanninsu. Tun da daɗewa ya taɓa tambayar likita, haka suke kiran yaron, yadda mahaifinsa ke gaishe shi da safe, shi ne ya gaya masa wannan. Ya riƙe ta, yana ta maimaitawa a gona don kada ya yi kuskure.

Na dubi yaron. Kansa na ƙasa, da ƙasa za ta tsage da ya shige. Wasa ya yi da tsohon, bai taɓa zaton maganar za ta iso kunnen mai ita ba. A nan dariyar ta tsaya mini, don ba ƙarya ya yi ba. Tun yana ƙarami, takalmi ya ɓata, shayi ya zube, an makara makaranta, da kalmomin nan ake buɗe masa safiya. Hausar lallashi wurin mahaifiyarsa take, kuma ta tafi da abarta.

Can Yaya ya girgiza hannun dattijon ya ce, “Hankali da godiya.” Tsohon ya ji daɗi ƙwarai, ya juya yana koya wa ’ya’yansa amsar. Kafin la’asar duk wanda ya zo gai da baƙi da ita yake shigowa, Yaya kuma yana amsawa ɗaya bayan ɗaya. An yanka mana akuya, amma an ce mini bai ci wani abin kirki ba.

Da yamma na same shi a bakin katangar gida yana kallon fitilun ƙauyukan tsallaken iyaka. Ya tambaye ni ko da gaske haka yake yi wa ɗansa. Na ce da gaske ne. Ya ce ai mu ma haka Baba ya rene mu. Na ce haka ne, shi ya sa idan muka ji motsin Baba muke bi ta ƙofar baya. Ban so na faɗa masa ba, amma tausayin da nake ji bai kai in yi masa ƙarya ba. Maganar saukowa da kunne dai ban sake jinta ba.

Washegari bayan sallar asuba hazo ya rufe ko’ina, ina tsakar gida matar dattijon na nuna mini yadda suke dafa gahawa. Sai na hango Yaya tsaye a ƙofar ɗakin ɗansa. Ya ɗaga hannu ya sauke, ya yi tari, sannan ya ƙwanƙwasa. A wurinmu babba ba ya zuwa gai da yaro, balle uba. Yaron ya buɗe.

“Ina kwana?” in ji Yaya.

Yaron ya waiga bayansa, ya dubi ɗakin, yana neman abin da ya yi ba daidai ba.

“Ko ita ma ba ka san amsarta ba?”

“Na sani, Baba,” ya ce da Hausarsa mai tuntuɓe. “Mama ta koya mini. Ban san da kai ma ana yi ba.”

Yaya ya dafa bango.

“To yau ka sani. Ina kwana?”

“Lafiya lau.”

Bai tsaya nan ba. Ya tambaye shi gajiya, ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi sanyi da mutanen asibiti, duk wata gaisuwa da ya sani sai da ya jero ta, yana tsaye cikin hazo bai saki hannun yaron ba. Shi kuma yana amsawa, wata daidai wata a karkace.